Layin da Na Tsallake a Takardar Rijiya

Duk tsawon kwanan da Allah zai ara mini, akwai wata safiyar Asabar da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Na manta abubuwa da yawa da suka fi ta girma, har fuskokin wasu abokaina sun ɓace mini, amma ita tana nan daram. In na rufe ido sai in ji sanyin ruwan nan yana hawa ƙafafuna.

A wancan zamanin, shekaru kaɗan kafin a samu 'yancin kai, Gyaɗi-Gyaɗi ba ita ce wadda kuka sani yau ba. 'Yan gidajen ƙasa ne a warwatse tsakanin gonaki da itatuwan ɗorawa. In ka tsaya a bakin hanyar Zariya da rana tsaka, za ka hango badala can nesa tana rawa cikin zafi, kamar ba a ƙasa take ba. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina gyaran keke a gindin wata tsamiya, matata kuma tana goyon 'yarmu ta fari. Labarin unguwa a baki yake yawo: wance ta sauka, akuyar wane ta yi ɓarna, ranar kaza za a yi gayyar gyaran masallaci. Abin da ya fi haka girma kuwa, mai shela ne yake zagawa da shi bayan la'asar.

Wata shida kacal na yi a ajin yaƙi da jahilci, amma a unguwar da kusan ba mai karanta boko, wannan ya isa a kira ni Malam. Duk takardar da ta zo wa mai unguwa, ni ake aikowa. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya shiga kaina. Har wani gyaran murya na koya kafin in fara karatu.

Ranar wata Litinin cikin bazara, masinja ya kawo takarda daga ofishin duba-gari. Aka tara dattawa a zauren mai unguwa, aka miƙo mini. Da na'ura aka buga ta, amma tawadar ta dishe a tsakiya. Layin farko na karanta shi sumul: ranar Asabar ma'aikata za su zo su rufe babbar rijiyar unguwa. Na gangara layi na biyu, haruffan suka cakuɗe mini kamar tururuwa. Na ga kalmomi dogaye waɗanda ban taɓa gamuwa da su ba. Na ɗaga kai, idanu sun fi ashirin a kaina. Sai na tsallake, na dira a layin ƙarshe, inda aka ce kada kowa ya hana su aikinsu.

Mai unguwa ya ce, "Shi ke nan, Malam?"

Na ce, "Shi ke nan, ranka ya daɗe."

Har yau ina jin yadda maganar ta fito daga bakina, a sanyaye, ba ko gargada.

Rijiyar nan ita kaɗai ce ba ta ƙafewa da bazara. Kafin magariba mai shela ya gama zagaye, kafin wayewar gari kuma labarin ya yi ƙafafu. A Tarauni aka ce gawa aka gani a ciki. A Darmanawa aka ce Turawa ne za su yi gini a wurin. Wata mai fura daga Unguwar Gano ta rantse mini cewa daga mu sai tasu rijiyar. Mata suka fito da duk wani abu mai ciki, tulu da randa da ƙwarya, har da tukunyar tuwo. Aka yi ta ja ba hutawa har ruwan ya koma laka. Maƙwabtan da suka shekara goma ba su sa-in-sa ba suka yi faɗa a kan guga. Matata tana dawowa da tafin hannunta a kumbure, ta ce, "Malam, in an rufe, ina za mu nufa da goyo?"

Ni kuwa takardar tana aljihuna, don mai unguwa ya ce in adana. Kwanakin nan huɗu na yi su kamar mai tafiya cikin barci. Ina liƙe tayar keke, hankalina yana kan layin nan. In ba kowa, sai in zaro ta in ɗaga wa rana, in sake ninkewa. Zuciyata tana ce mini akwai magana a ciki, girman kai yana ce mini ai komai aka rubuta, rufewa dai rufewa ce.

Akwai wani kafinta, mutumin kudu, Kirista, da yake zaune da iyalinsa kusa da hanya. Matarsa ma a rijiyar take ɗiba. Ya yi makaranta a garinsu, kuma ya daɗe a Kano har Hausa ta zauna a bakinsa. Kullum muna gaisawa, amma ban iya nuna masa takardar ba, don kada a ce Malam ya kai karatu wurin kafinta. Sai ranar Asabar da sassafe ya turo kekensa in ba shi iska. Ban san lokacin da hannuna ya shiga aljihu ba.

Ya goge tabaraunsa da gefen riga, ya karkata takardar wajen haske, ya bi layin da yatsa. Ya ce, "Maƙwabci, ai gyara za su yi. Za su ɗaure mata baki da siminti, su sa murfin da ake buɗewa, saboda kada yara da dabbobi su faɗa. Wa ya ce cike ta za a yi?"

Yana rufe baki, sai ga wata mata a guje ba ko mayafi, tana cewa, "Jama'a ku zo! Baba mai rijiya ya shiga rijiya!"

Wannan tsoho shi ya haƙa rijiyar da hannunsa tun kafin a haifi iyayen wasunmu. Ya kusa tamanin, idonsa ya yi rauni, kunnensa ma ya yi nauyi. Ashe da aka idar da asuba bai koma gida ba. Ya lallaɓa ya bi ramukan taka ƙafa da shi kansa ya sassaƙa a jikin rijiyar, ya sauka har ƙasa. Ya bar wa jikarsa saƙo cewa in sun zo cikewa, su haɗa da shi.

Na tarar da unguwa duka a bakin rijiya. Mai unguwa ya durƙusa yana kira, muryarsa tana dawo masa, tsoho bai tanka ba. A nan, a gaban maza da mata, na faɗi abin da na yi. Na ce akwai layin da ban iya ba na tsallake, ga kafinta ya karanta. Ba wanda ya zage ni, kuma da an zage ni da ya fi mini sauƙi. Mai unguwa ya dube ni ya ce, "To, ba ya ji daga nan. Bakin da ya saka shi ciki, shi zai je ya fito da shi."

Aka ɗaura mini igiya a ƙugu, kafinta da wasu majiya ƙarfi uku suka riƙe. Ina sauka hayaniyar mutane tana ja da baya, har ta koma kamar kukan ƙudan zuma. Zafin bazara ya tsaya a sama. Wani sanyi mai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya lulluɓe ni, bangon yana naso a tafin hannuna. Tsoron da na shiga da shi ma sai na neme shi na rasa. Ji na yi kamar na bar duniya a bisa kaina, na shiga wani wuri da lokaci ba ya tafiya.

Na same shi zaune a kan wani tudun dutse, ƙafafunsa cikin ruwa, carbi a hannunsa. Ruwan ya kawo mini gwiwa.

Ya ce, "Wane ne? Kun zo ke nan?"

Na kai bakina kunnensa na ce, "Baba, ni ne mai gyaran keke. Ba za a cike ta ba. Gyara za a yi mata. Ni ne na karanta ba daidai ba."

Na zaci bai ji ba. Can sai na ga kafaɗunsa suna motsi, ashe dariya yake yi. Ya ce, "Me ya hana ka ce ba ka gane ba?"

Na ce, "Kunya, Baba."

Ya ce, "Wannan dutsen da nake kai, kwana tara na yi ina dukansa ni kaɗai. Ran na goma na fita na kira mutane. Ba wanda ya ce ni ba mahaƙi ba ne."

Na miƙa hannu zan ɗaura masa igiya, ya riƙe ni. Ya ce in dakata kaɗan, rabonsa da nan shekara ashirin. Sai ya shiga ba ni labarin marigayiya matarsa, yadda take zuro masa fura a ƙwarya da igiya, da ranar da ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙarƙashin ƙafarsa, ya kira ta, ta leƙo ta rangaɗa guɗa. Ya ce in duba sama in gaya masa abin da na gani. Na ɗaga kai. Sararin sama ya koma kamar faifai, kawunan mutane sun kewaye shi, wata shirwa ta gifta a hankali. Na gaya masa. Ya ce, "Haka yake. Ba abin da ya sake."

Aka fara jawo shi, sannan ni. Muna fitowa ma'aikata suna isowa da buhunan siminti a amalanke, suka tsaya suna kallon taron, ba su san abin da ake ciki ba. Da yamma mai unguwa ya haɗa ni da mai shela, muka bi lungu-lungu har Tarauni. Shi ya buga ganga, ni in faɗi gyaran da bakina.

Sanyin ruwan ya kama tsohon a ƙirji, ya yi mako biyu a kwance. Kullum ina ƙofar ɗakinsa, ina roƙon Allah kada ya ɗauke shi ta dalilina. Allah ya ji ƙaina, ya tashi. Shi aka ba ya fara buɗe sabon murfin, kuma ya ƙara shekara uku a duniya. Ni kuwa na koma aji na zauna a sahun masu koyo. Mai unguwa bai daina aiko mini ba, sai dai ni da kaina nake biyawa in ɗauko kafinta mu tafi tare.

Abin da wannan rana ta koya mini shi ne, duk wanda jama'a suka ba kunnensu, amana suka ɗora masa, kuma rabin labari yakan yi ɓarnar da ƙarya ba ta yi ba. Tun daga nan, in aka tambaye ni abin da ya fi ƙarfina, nakan ce ban sani ba, mu je mu tambaya. Na tsufa ina faɗar haka, kuma ban ga ranar da ta rage mini mutunci ba.