Wayar da ta sa Kawu a ƙasa

A Kalgo na koyi haɗa shafin intanet, a shagon wani malamin kwamfuta da ke yawan ce mana kada mu wahalar da kanmu, ai Turawa sun riga sun gina. Samfuri ake saukewa, shafi ginanne da gurbin hoto da na rubutu, kai dai ka cire nasu ka zuba naka.

Ina komawa Gwandu, sai Kawu Babba, yayan mahaifiyata, ya ce in yi wa ƙungiyarsu ta manoman albasa shafi. Shi ne shugaba. Mataimakinsa ƙanensa ne, Kawu Ƙarami, kuma tun rigimar wata gonar fadama ba sa ga-maciji. Ko a taro, magatakarda ke kai saƙo tsakaninsu, alhali tabarma ɗaya suke.

Samfurin da na zaɓa yana da gurbi uku a jere na shugabanni. Na sa Kawu Babba a tsakiya, don a wurinmu tsakiya ta babba ce, ƙanensa a hagu, magatakarda a dama. Kawu Babba ya gani a kwamfutata, ya gyara hula, ya sa mini albarka.

Kashegari da hantsi sai ga shi a zaurenmu, waya a hannu, yana huci.

"Kai wanga yaro! Mi na yi maka? Duba inda ka aje ni!"

Na duba. Fuskar waya siririya ce, sai samfurin ya jera hotunan daga sama zuwa ƙasa. Na hagu ya hau sama. Ga Kawu Ƙarami yana murmushi, ga yayansa a ƙarƙashinsa. Kuma duk Gwandu da waya ake kallo. Har daga Dalijan an bugo ana yi wa Kawu jajen sauke shi.

Na ce, "Kawu, wallahi ba ni ba ne, shafin ne ke gyara zamansa da kansa."

"To shi ba shi da manya a garinsu?"

Na mayar da shi hagu. A waya ya hau sama, a kwamfuta kuma ya koma gefe, ƙanensa ya gaje tsakiya. Kwamfuta ɗaya tak ke unguwar, tawa, amma Kawu ya ce ko ba mai gani shi ya san yana gefe. Raina ya ɓaci. Na buga wa malamina na Kalgo, ya ce in sa irin hotunan nan masu zagayawa, kowa ya fito shi kaɗai. Da na sa, Kawu ya zuba ido ya ga hotonsa ya sulale, na ƙanensa ya shigo. Ya ce, "Ashe ma korata ake yi, ana maimaitawa!"

Abin da ya rage mini ɗaya ne. Na ce a zauna a ɗauki hoto guda da su ukun a ciki, shi waya ba ta iya raba shi.

A rumfar albasa aka yi. Kawunnan nawa suka bar fili a tsakaninsu wanda jaki zai wuce da kaya. Na ce gurbin ba zai ɗauka ba, a matso. Suka matso kaɗan, kowa na kallon gabansa. Na ce a ƙara, in ba haka ba samfurin zai yanke kan wani. Wannan kam gaskiya ce. Sai da kafaɗarsu ta haɗu, har Kawu Ƙarami ya janye bakin rigarsa da yayansa ya danne, ya ce, "Yaya, ɗaga kaɗan." Ban taɓa jin ya kira shi haka ba tun ina ƙarami.

Da na ɗora, waya ta ƙanƙantar da hoton, fuskoki suka zama kamar ƙwayar gero. Kawu Babba ya daɗe yana kallo, ya kai wayar kusa da ido, ya janye.

Na ce, "Kawu, ko in raba a ga fuskarka sosai?"

Ya ce, "Bar shi hakanan. Kada ka ƙara taɓa shi."