Yadda Kunya Ta Ci Mini Rabin Taswira

Mun tashi da asuba daga garin Laurel, ina idar da salla malamina ya yi fakin a ƙofar gida. Farfesa ne, Bature, ya haura saba'in, shi ke duba aikin digirina na uku. Aikin nawa zana taswirar ƙasan ruwa ne a mashigin tekun Chesapeake, don a gane inda kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo, ke taruwa, domin a nan ƙananan kifaye suke fakewa. Wannan ce fitarmu ta ƙarshe kafin a janye jirgin ruwa saboda sanyi. In ban kammala ba sai bazara, alhali hutun karatun da jami'armu ta gida ta ba ni yana gab da ƙarewa, matata kuma har ta fara ɗaure kayan komawa gida.

Hanya lafiya lau, sai dai wata doguwar gada da ake biyan kuɗi kafin a hau. Ni mutumin Kano, da ruwan da na sani bai wuce na Tiga ba, ban yarda na leƙa ƙasa ba har muka sauka. A bakin ruwa muka sayi shayi mai tsada marar daɗi. Wata mata tana dafa ƙaguwa da wani jan yaji da suke taƙama da shi, na ɗanɗana, wallahi ko yaron goye ba zai sa shi tari ba.

Mai jirgin dattijo ne marar fara'a. Ya dubi sama ya ce iska za ta taso da la'asar, in ta taso zai juya ko mun gama ko ba mu gama ba.

Na'urarmu doguwa ce kamar taɓarya. Ana jan ta da waya a bayan jirgi, tana aika sauti ƙasa, hoton ƙasan yana fitowa a kwamfuta. Aikina in zuba wa allon ido, in tabbata ba ta matso ƙasa ba. Jirgi ya je ya dawo, layi bayan layi, kamar mai huɗa. Zuwa azahar mun ci rabin aiki, har na fara jin kaina wani ne.

Sai na ga ƙasa tana tasowa a allo, ga wani baƙin abu a gaba. Abin yi a bayyane yake: in ɗaga murya a naɗe waya. Na waiwaya, sai na tarar Farfesa yana tsakiyar yi wa mai jirgi bayani, hannu a sama. Jama'a, ni da aka rene ni a kan ba a katse babba! Na miƙe, na matsa kusa, na ɗan yi gyaran murya, ina jiran ya kai aya. Na buɗe baki ke nan na ce, "Farfesa, gafara dai," sai jirgin ya yi wata girgiza, waya ta miƙe tana ƙara.

Na'urar ta sarƙe a tarin tsoffin kejin kama ƙaguwa da suka nutse. Mai jirgi ya ja baya, ya zagaya, ya sake ja, shiru. Iskar da ya faɗa ba ta ma jira la'asar ba. Ruwa ya fara dukan jirgi yana fallatso mana. Mai jirgi ya ɗauko almakashin yanke waya ya ajiye a gabanmu, ya ce sau biyu zai ƙara gwadawa, ba zai kashe mutum uku saboda ƙarfe ba. Ba abin da nake sai innalillahi a zuci.

A gwaji na biyu ta saki. Muka naɗo ta da ruɓaɓɓen keji rataye a jikinta, gefenta ɗaya ya tsage. Aiki ya ƙare.

Muna komawa gaɓa, ban iya riƙe abin ba, na gaya wa Farfesa cewa na gani tun da wuri.

"To me ka tsaya yi?"

"Kana magana ne."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce, "A kan ruwa, wanda ya fara gani shi ne babba."

Muka shiga mota, muka sake haye gadar. Tafiyar nan ta koya mini cewa ladabi ma yana da wurinsa, kuma akwai inda shirun ƙarami yake cutar da babban da yake girmamawa. Na ji haushin kaina ƙwarai, har yanzu ina ji.

Na isa gida bayan magariba. Matata ta buɗe ƙofa da murmushi, ta ce, "Malam, an gama?" A bayanta ga akwatuna biyu cike da tsarabar mahaifiyarta. Na cire takalmi, na zauna, na ce mata ta kwance kayan, bana ba za mu gida ba.