Tabaran Ishrat Sahib

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, da hantsi, aka bugo min waya cewa ka rasu, Ishrat Sahib. Na ce to. Na ajiye wayar, na ƙarasa shayina. Har yau ban yi kuka ba, ban kuma san dalili ba.

Jaridun Mumbai sun lissafa finafinan da ka yi wa kiɗa, da manyan zaurukan da ka tsaya da 'yar sandarka gaban makaɗa tamanin. Ni Sharafat ne, mai busa sarewa a layi na uku, abin da zan faɗa ba ya cikin jarida.

Shekara talatin da ɗaya ina zaune gaban takardar kiɗa, ban iya karanta ta ba. Da kunne na koya, wurin kawuna a Rampur. Ran farko ka gano ni, don a juye na ɗora takardar. Ka zo ka daidaita ta kamar kana kaɗe mata ƙura, ka ce ƙasa-ƙasa, "Malam, bar wa makaɗa 'yan Goa ɗige-ɗigen nan, su suka iya karanta su. In na taɓa tabarau, ka shigo da sarewarka." Kowace sabuwar waƙa, a motarka kake rera min ita kafin gwaji. Da masu shirya wasa sun sani, da tuni sun sallame ni, alhali da sarewar nan na aurar da 'ya'ya uku. 'Yan kallo kuwa sun ɗauka tabaran ne ke zame maka, har wata tsohuwa ta aiko maka da igiya.

Jiya muka koma gwaji, domin iyalinka sun ce ba za a fasa wasan Asabar ba. Filomena Pinto, shugabar masu goge, ita ta karɓi sanda. Na zauna, na san yau asirina zai tonu. Muka shiga waƙar jirgin ƙasa, goge ya yi ƙasa, wurina ya matso. Na ɗaga kai ina neman hannunka. Filomena ba ta sa tabarau. Sai ta kai yatsa ta taɓa karan hancinta.

Na shigo daidai. Da muka tashi na ce, "Didi, 'yar'uwata, tun yaushe kika sani?"

Ta ce, "Haba Sharafat Bhai, kowa ya sani. Shi ya ce duk wanda ya buɗe baki ya nemi wani aikin."

Na tsaya riƙe da sarewa. Ashe mutum tamanin ka sa suka yi min shiru, ban ko gode maka ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Bhabhi Nasreen, da 'ya'yanka Adnan da Rukhsar, da dukanmu da ka bari a kujerunmu. Allah Ya ba ku haƙuri. Allah Ya jiƙan ka, Ishrat Sahib, Ya haskaka kabarinka, Ya rufa maka asiri ranar tsayuwa kamar yadda ka rufa min nawa. Amin.