Muryar Iya Fausat

Silifat sunanta, amma a Fagge kowa Iya Fausat yake ce mata. Iyayenta daga Ogbomosho suka zo, ita kuwa a Kano aka haife ta. Mijinta, Alhaji Raji, atamfa yake sayarwa a Kantin Kwari. Ita waƙa ce sana'arta. Duk gidan Yarbawan da ake suna ko biki, daga Fagge har Sabon Gari, ita ake ɗauka ta yi yabon Annabi, mata suna amshi. In ta ɗaga murya, na layi na uku ma yana ji.

Maƙoƙo ya fito mata tun haihuwar fari, ta yi shekaru tana rufe shi da mayafi. A shekarar Udoji, da kuɗi suka yawaita a gari, bukukuwa suka yi yawa har takan yi huɗu a mako. A lokacin ne maƙoƙon ya fara danne mata numfashi in ta ja dogon baiti.

Maƙwabciyarta Bridget, wadda nas ce, ta ce mata, "Iya Fausat, ki je a cire shi. Sati biyu kin koma bakin aikinki."

Aka yi mata aiki. Da ta farfaɗo ta buɗe baki za ta nemi ruwa, iska kawai ta fito. Likita ya ce kumburi ne, zai sauka. Wata uku ba labari. Da suka koma, ya leƙa maƙogwaronta da ɗan madubi. Sannan ya yi wa Alhaji Raji bayani cewa akwai wata jijiya siririya kamar zare a bayan maƙoƙon, ita ke motsa murya, kuma wuƙa ta taɓa ta.

"To likita, ba a ɗinke ta?" in ji Alhaji.

Likita ya girgiza kai.

An sha rubutu, an sha zuma, an je har Ibadan. Abin da ya dawo mata raɗa ce kawai, ita ma a shaƙe. Ko ruwa ta kurɓa da sauri sai ta ƙware, ta yi ta tari har hawaye.

Morufat, babbar 'yar amshinta, ita ta karɓi bukukuwan. Wata rana ta zo neman baitocin wata waƙa da ta manta. Silifat ba ta iya rubutu ba, sai ta jawo kunnenta tana raɗa mata. A baiti na biyu numfashi ya ƙare. Silifat ta tura ta, ta juya fuska bango.

Bridget ta daina bi ta ƙofar gidan. Da ta gaji da ɓuya, ta shigo ta durƙusa tana kuka. Silifat ta dafa kanta ta raɗa mata, "Ba ke kika riƙe wuƙar ba." Amma ba su ƙara zama tabarma ɗaya ba.

Silifat ta daina zuwa taro, ta daina fita kasuwa. In tana son kiran wani a gida sai ta buga cokali a jikin kwano. Ranar bikin 'yarta Fausat, ta gaisa da mutane da hannu, ta shige ɗaki ta rufe.

Da damina ta 1979 koko ya sarƙe ta, ya sauka mata a huhu. Zazzaɓi ya rufe ta, kwana tara ta rasu. Shekarunta arba'in da ɗaya.