Munafukar Lambun Kawu Ɗanlami

Duk wanda ya san Kawu Ɗanlami a Aujara ya san tambayarsa: "Wa ya aiko ka?" Mai tallan rediyo ya sha ta, mai allurar shanu ya sha ta, har akuyar maƙwabta in ta leƙo lambunsa sai ya yi mata ita. Mutumin da ko ƙosai ka ba shi sai ya ɓare ya duba ciki!

Shekarar da albasarsa ta fara ruɓewa tun tana ƙasa, hankalin kowa ya tashi, don da ita gidan ke ci. Safe da yamma Kawu ke ɗura mata ruwa, wai kada ta ji ƙishi. Ni ɗan ƙanwarsa ne, ina aiki a Dutse, sai na sayo masa na'urar auna laimar ƙasa, wata 'yar aba mai ƙafafun ƙarfe biyu da ƙaramar fitila a ka.

Na ce, "Kawu, soka ta za ka yi a fangalin albasa. Tana tura 'yar wutar lantarki daga ƙafa ɗaya zuwa ɗayar. In ƙasa da danshi wutar ta wuce, fitila ta yi kore, sai ka bar ban ruwa. In ta bushe, ja za ka gani."

Ya zagaya ta yana harara. "Wa ya aiko ta?"

"Ni na sayo."

"Kai kuma wa ya aiko ka? Daga Dutse ka ɗauko abu mai ido ka dasa min a fadama! Gobe in ji an auna filina."

Washegari na tarar ya kifa mata tsohuwar hularsa. Na ce to yaya zai ga fitilar?

"Ɗaga hular nake in shammace ta."

Sai bincike ya kankama. Ya soka ta a toka, ja. Ya soka ta a tuwon dawa, kore. Har ƙwaryar furar matarsa, Inna Hajjo, ba ta tsira ba, ranar kuwa ya sha faɗa. Na ce, "Ka ga dai ba ta yi ƙarya ba." Ya ce ai haka suke yi, da gaskiya suke farawa don mutum ya saki jiki.

Rannan ya buga min waya yana ihu: "Na kama ta!" Ashe takin zamani ya jibga a inda ƙasa ta kusa bushewa, ta nuna masa kore. Na ce gishirin da ke cikin taki ne ke taimaka wa wutar wucewa.

"Au! Ashe har cin hanci take!"

Tun daga nan sunanta ya koma Munafuka. Amma fa albasa ta daina ruɓewa. Da na yi masa maganar sai ya ce shi ya rage ruwan da kansa, don ya gwada ta.

Da ciwo ya kwantar da shi na je dubiya. Ya yafito ni, ya ce a hankali, "Je ka ɗaga hular Munafukar can." Na dawo na ce kore. Ya ce to kada kowa ya ba da ruwa. Sannan ya ƙara, "Kada ka gaya mata na tambaya."

Bai ga cirar albasar ba. Mu muka cire, manya-manya, ko ɗaya ba ruɓaɓɓiya. Na ga hular tana nan a kan Munafuka, wallahi sai da na yi kuka.

Inna Hajjo ta ce da ɗan aiken ƙarshe ya zo masa, bai tambayi wa ya aiko shi ba, shahada kawai ya yi. Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya masa makwanci.