Famfon Goggo ya ƙi gyaruwa

Duk unguwarmu Goggo muke ce mata, har da sa'o'inta. Ta tsufa tana ɗiban ruwa a famfon bakin layi, inda mata ke jera bokitai kowace safiya. Ita ke raba gardamar wa ta riga wa. Ita ta san wadda ta haihu, da wadda mijinta ya rasa aiki, da wadda ke son aron tukunya amma nauyin baki ya hana ta tambaya. Kafin bokitinta ya cika ta haɗa wannan da waccan.

Bayan rasuwar mijinta, ɗanta da ke aiki a wani gari ya sa aka ja mata ruwa har tsakar gida. Muka yi mata barka, muka ce ta huta. Aka daina ganinta. Can wata safiya sai ga ta da bokiti.

"Famfon nawa ya lalace," in ji ta. "Kayan zamani, sai a hankali."

Muka matsa mata wuri. Kullum sai ta zo, ta riƙa barin na bayanta suna wuce ta, wai ita ba sauri take ba. Famfon nan kuwa ya ƙi gyaruwa.

Wata maƙwabciyarta mai shegen tausayi ta kira ɗan a waya, ta wanke shi tas, wai ya bar tsohuwa da dakon ruwa. Washegari ya turo mai gyara. Mutumin ya samu Goggo a cikinmu, ya karɓi makulli tana ta kame-kame. Bai jima ba ya dawo yana yarfe hannu.

"Mama, ai famfonki lafiyarsa lau! Ruwa kamar zai fasa bututu. Wa ya ce ya lalace?"

Da ƙarfi ya faɗa, shi bai san komai ba. Goggo, wadda ba a taɓa ƙure ta a magana ba, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ganin an kama babba da ƙarya a gaban sa'o'in 'ya'yanta, wallahi ni kaina na rasa inda zan sa idona.

Ta ɗauki bokitinta ba ko ɗigo a ciki. Maƙwabciyar ta riƙo hannunta.

"Haba Goggo, me ya yi zafi haka?"

"Ku yafe mini," ta ce, ba ta ɗago kai ba. "Tun da ruwan nan ya shigo gidan, sai in wuni ba wanda ya yi mini sallama."