Kujeru Uku na Malam Ilu

Ku da muka zauna ajin falsafa tare, na san ko daga barci aka tashe ku aka ce Malam Ilu, kujerun nan uku za ku fara gani. Ni abin biyu ya zame min, don ban da malamina kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, kuma ni nake taya shi dakon kujerun daga zaurensa na Kwaciri zuwa makaranta. Shi ya sa da ya rasu, a kaina maganar Baba Okoro ta faɗo, amininsa na Sabon Gari, tsoho makaho mai ciwon zuciya: a gaya masa ne, ko a ɓoye masa. Zan zo kan wannan. Bari in fara ta inda kowa ya san shi.

Ƙananan kujeru ne na katako masu majingina. In ya shigo aji ko kallonmu ba ya yi sai ya jera su gaban allo, ya kaɗe su da hankici, ya ɗan rusuna ya ce, "Sannunku da zuwa. An zo lafiya?" Sai ya karkata kai ya yi shiru, can ya gyaɗa kai ya ce, "To madalla." Wallahi shirun nan shi ke tayar min da tsigar jiki, don daidai tsawon amsar gaisuwa yake.

Kun tuna ranar farko da Sagir ya makara, ya shigo yana haki ya faɗa kan ta tsakiya?

"Kai! Tashi!" in ji Malam. "A cinyar dattijo ka zauna!"

Muka kwashe da dariya. Sagir ya miƙe ya koma baya. Ya riga ya kai layi na uku sai kujerar ta yi ƙara, ƙiiiƙ, ita kaɗai. Dariya ta ɗauke ɗif.

"Ka ji ko?" in ji Malam. "Ya ce ya yafe, amma ka rage cin tuwo."

A ranar ya gabatar mana da su. "Na dama Alhaji Sakamako ne. Ba ruwansa da niyyarka, abin da aikinka ya haifar yake dubawa, su wa suka amfana, su wa suka cutu. In alheri ya rinjaya, ka yi daidai. Na tsakiya, wanda Sagir ya murƙushe, Malam Wajibi ne. Shi abin da bai kamata ba bai kamata ba, ko da zai ceci unguwa guda. Kafin ka yi abu sai ya ce, za ka yarda kowa a duniya ya riƙa yin haka? Kuma a wurinsa mutum ba tsani ba ne da za ka taka ka hau. Ta hagu Inna Halayya ce, duk ta girme su. Ita ba ta cika tambayar me ka yi ba, sai dai wane irin mutum kake zama in ka saba yin haka. Mai gaskiya? Mai tausayi? Matsoraci?"

Rabi'atu, da ba ta barin ta kwana, ta ɗaga hannu. "Malam, ai addini ya riga ya raba mana halal da haram."

"Gaskiyarki," ya ce. "Shi ya sa ba ki ga ta huɗu ba. Wannan ba mu ke ba shi wurin zama ba, mu ne a gabansa. Waɗannan ukun hujjojin 'yan Adam ne, da su za ki yi magana da wanda bai karanta littafin da kika karanta ba. Kuma ba a zo nan don ki zaɓi ɗaya ki aura ba, sauraronsu za ki koya."

Da a aji abin ya tsaya da sauƙi. Ina! Akwai Iya Risika, Bayarbiya mai abinci a Fagge, wurinta yake cin rana tun kafin a haife ni. Wata rana gishiri ya suɓuce mata a miya, har harshe yana ƙuna. Ta zo tana goge hannu a zani.

"Malam, yaya miya?"

Ni da na ce ta yi daɗi mu tashi. Kawu sai ya ajiye cokali, ya dubi dama, ya dubi tsakiya, ya dubi hagu, alhali kujerun suna gida.

"Iya, an samu saɓani. Alhaji ya ce in ce ta yi daɗi don kada ranki ya ɓaci, amma da ya tuna masu zuwa bayana sai ya janye. Malam Wajibi ya ce gishiri ya yi yawa, ya gama. Inna kuwa ta ce in faɗa miki, amma in fara da cewa naman ya dahu."

Iya ta riƙe ƙugu. "To, gobe su ukun su zo su dafa maka!"

Washegari sai ga shi ya dawo, ta zuba masa ta ƙara nama.

Sai maganar adaidaita. Kawu ba ya yarda a kife kujerun ko a ɗora wata kan wata, wai wulaƙanci ne. A jere ake sa su a baya, shi ya matse a gaba gefen direba, ni in maƙale a ɗaya gefen. Wata rana mun iso mahaɗar Bata, cunkoso ya yi cunkoso, 'yan kasuwar Kwari na ta ratsawa da dilolin atamfa a ka, sai na ga direban yana ta leƙen madubi yana zufa. Da muka sauka ya ja ni gefe.

"Ɗan'uwa, don Allah me ke cikin katakon nan? Wallahi keken nan ja yake kamar na cika shi da manyan mutane. Kuma ɗazu na ji an yi gyaran murya a baya."

Kawu ya jiyo shi. Ko a jikinsa.

"Inna ce, mura take. Ka yi haƙuri, ta ƙara jiki kwanan nan."

Direban nan ko waiwaye bai yi ba. Daga ranar in ya hango mu a bakin titi sai ya ƙara wuta.

Wanda ya sassaƙa kujerun shi ne Baba Okoro, kafinta, Inyamurin Sabon Gari da ya fi ni jin Hausa. Tun suna samari suke tare. Duk Laraba bayan la'asar Kawu zai je gidansa, su zauna su yi ta musu har a kira magariba. Da idon Baba ya tafi, ciwon zuciya kuma ya kwantar da shi, Larabar nan ce kawai ta rage masa. 'Yarsa Ngozi ta ce tun safe yake sa a canza masa riga.

Kuma kun tuna tambayar da Malam yake yi mana a ƙarshen zango, wadda ba wanda ya taɓa cinye makinta? Tsoho ba shi da lafiya, amininsa ya mutu, likita ya ce kada a tayar masa da hankali, ga shi ya tambaye ka ina abokinsa. Me za ka ce? A shekararmu na cika shafi da shafi, na kawo hujjar kowa. Ya maido min da takardar, ya dube ni har na tsargu.

"Auwalu, ka faɗi abin da su za su ce. Kai fa?"

"Kawu, ai a takarda ne."

"Yanzu a takarda ne," ya ce.

Ranar wata Litinin bayan azahar aka same shi a zaure, zaune kan tabarma ya jingina da bango, carbi a hannu, yana fuskantar kujerun. Biyu ne a wurin, ta Inna ba ta nan. A ruɗewar ranar ban bi ta kai ba. Kafin magariba mun kai shi.

Talata da safe Ngozi ta zo gaisuwa, ta ja ni soro idonta jawur.

"Auwalu, don girman Allah, gobe ka zo ka ce wa Baba Malam ya tafi Zariya. Likita ya ce zuciyar Baba ba za ta ɗauka ba. In ya ji, wallahi binsa zai yi."

Ba zan ɓoye muku ba, tsoro ya kama ni, haushin Kawu kuma ya cika ni. Mutum ya shekara da shekaru yana yi maka tambaya, sannan ya mutu ya bar ka da ita! Laraba da rana na shiga zauren na tsaya gaban kujerun biyu, ni da hankalina da gemuna, na ce, "To, ku yi magana mana." Shiru. Na san dai abin da za su ce. Ɗaya zai ce ran tsoho ya fi gaskiyar yini guda, ɗaya zai ce ba ka da ikon mayar da shi abin wasa. Na fito ban yanke komai ba, na hau adaidaita.

Da na shiga ɗakin Baba Okoro, abin da na fara gani ita ce kujerar Inna a gefen gadonsa. Ngozi ta raɗa min cewa Larabar da ta wuce Malam ya kawo ta da kansa, wai ƙafarta na rawa, alhali ya san Baba ya daina riƙe guduma tuntuni.

"Auwalu ne?" in ji Baba, ya juyo da fararen idanunsa. "Zauna nan."

"Baba, ai ba a zama a kanta."

"Ya ce ranar da ka zo kai kaɗai in zaunar da kai a kai, in tambaye ka sau ɗaya. Ya ce kada in tambayi kowa sai kai."

Ngozi ta toshe baki da gefen zani. Na zauna. Jama'a, kujerar nan da ɗuminta, irin na wadda aka tashi daga kai yanzu.

"Ina abokina?"

Na dubi Ngozi. Ta daɗe tana kallon mahaifinta, sannan ta ɗauko maganinsa da kofin ruwa, ta zauna a bakin gado ta gyaɗa min kai. Na kama hannunsa, hannun kafinta, duk kanta.

"Baba, Allah Ya yi masa rasuwa ran Litinin. A zaune, da carbinsa. Bai sha wahala ba."

Ina jin bugun jininsa a tafina, ina jira ya tsaya. Bai tsaya ba. Hawaye suka gangaro masa har cikin kunne.

"Tun da na ji takun mutum ɗaya a tsakar gida na sani," ya ce. "Abin da nake tsoro kada ku mai da ni yaro, in yi ta sa sabuwar riga duk Laraba ina jiran Zariya."

Sai ya saki hannuna, ya juya fuskarsa wajen ƙofa inda babu kowa, ya karkata kai ya yi shiru, daidai tsawon amsar gaisuwa. Ya yi 'yar dariya cikin kuka.

"Wai ka ci makin, amma ba duka ba. Ka bar tsoho yana jira tun Litinin."

Baba Okoro yana nan da ransa. Ni nake zuwa Larabar yanzu, kuma a musu yake kayar da ni. Kujerar Inna tana gefen gadonsa, ya hana a ɗauke, ni kuma ban ƙara zama a kanta ba.

Kawu, Malam, na yi kewarka ƙwarai. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa tambayar da aka yi maka a can ta zo maka da sauƙi fiye da wadda ka bar mana. Amin.